Tukunya Biyu a Gidan Yayana na Ibadan

Ƙarfe shida da rabi na safe motarmu ta bar tashar Unguwa Uku. Sharon ce, kuma naira 15,000 na biya zuwa Zuba, sai 2,000 kuɗin kaya. Kayan ba nawa ba ne. Hajiyarmu ce ta cika buhu guda domin matar yayana da ta haihu a Ibadan: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, surfaffen gero, yajin jego, man shanu a 'yar jarka, da ƙullin jar kanwa. Ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai ta wakilta ni zuwa suna. Yayana ya daɗe da auren Bayarabiya, Musulma, haifaffiyar Ibadan, amma har yau idan zancensa ya taso a gidanmu, abin da ake fara tambaya shi ne me yake ci.

Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe gabas. Muna wuce Kura sai ga gonakin rani kore shar, masu shan ruwan dam ɗin Tiga, kuma a Kwanar Gafan kwandunan tumatir ne jere a bakin titi ana loda su a manyan motoci. Direbanmu ya nuna su da haɓa ya ce, "Duk wannan Kudu za shi, Malam." Ashe hanyarmu ɗaya da su, domin har Ibadan ban daina ganin irin waɗannan motoci ba, wasu da albasa, wasu da shanu.

Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne. Mun wuce Zariya kafin ƙarfe tara, muka shiga Kaduna da hantsi. Daga nan tafiya ta yi nauyi saboda gyaran hanya, sai wajen ƙarfe biyu da rabi muka sauka a Zuba, bayan mun tsaya a Tafa mun yi salla mun ci shinkafa da wake. Ban ɓata lokaci ba na shiga motar Lakwaja a kan naira 7,000. Tazarar ba ta kai kilomita 200 ba, amma a nan ƙasa ta fara sauya mini. A Abaji doya ce tsibi-tsibi a gefen hanya, manya-manya. Bayan Kotonkarfe muka hau gadar Murtala Muhammad muka ƙetare kogin Kwara, mata suna ta miƙo ƙyafaffen kifi ta taga. Rigar sanyin da na fito da ita daga Kano tuni na cire ta. Na kwana a Lakwaja, garin da Kwara ta haɗu da Binuwai, a wani masauki na naira 12,000, bayana yana ciwo, gumi yana zuba duk da fanka.

Washegari ƙarfe bakwai muka tashi a motar Homa, naira 18,000 zuwa Ibadan, tafiyar kilomita kusan 400. Duwatsun Okene, sai Owo, sai Akure. Shingayen bincike sun ci mana lokaci ba kaɗan ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda daji ya rufe hanya ta kowane gefe, ba ka hangen nesa kamar yadda muka saba a Arewa. Bishiyoyin kwakwar manja ko'ina, ga 'ya'yan koko an shanya a bakin kwalta. A Osu, kusa da Ilesha, fasinjoji suka yi ta sayen ƙosai da burodi, ashe garin ya yi suna da shi. A Ikire kuma wata dattijuwa da ke kusa da ni ta sayi wani abu baƙi-baƙi a leda ta miƙo mini. Agada ce da ta nuna lugub, aka yayyanka aka soya da manja da barkono. Zaƙi ne ya fara zuwa, yajin ya biyo baya. Na yi ta shan ruwa, ita kuwa tana cewa in ƙara.

Ƙarfe huɗu saura muka sauka a Iwo Road, cikin Ibadan. Na shiga irin ƙananan tasin nan ƙirar Micra da suka cika garin, naira 500 zuwa Mokola, buhun Hajiya a kan cinyata. A can Yaya ya tare ni.

Surukarsa ce ta karɓe ni a gida, wadda kowa ke ce wa Mama, ta zo zaman jego. Na durƙusa na gaishe ta, Yaya yana fassara. Kafin in gama wanke ƙafa an ajiye mini kwano. Amala ce, baƙa-baƙa, mai laushi, tana tururi, an kewaye ta da miya uku a kwano ɗaya: wata koriya mai yauƙi, wata ruwan ɗorawa mai kauri, sai jar miya da manja ke yawo a kanta, da nama da ganda. Na yi bisimilla. Loma uku na yi hawaye suka zubo saboda attaruhu. Amma da harshena ya natsu sai na gane ba baƙon abu nake ci ba. Koriyar miyar lalo ce, irin wanda ke fitowa a bayan gidanmu da damina. Ɗayar kuwa miyar wake ce da aka cire wa ƙowa aka dafa har ta narke. Ƙamshin da ke tashi a ciki na kalwa ne, sai dai su suna barin ta ƙwaya-ƙwaya da danshinta, mu kuma mu kirɓa mu shanya ta zama daddawa. Na rage kaɗan a kwanon kamar yadda baƙo kan yi a wurinmu. Mama ta leƙa, fuskarta ta canza, ta tambayi Yaya ko abincin bai yi mini ba ne. Ya bayyana mata cewa kunya ce irin ta Hausawa. A wurinsu kwano wayam shi ne godiya.

Da safe na roƙi izini na zauna a ƙofar kicin. Ruwa na tafasa Mama ta sauke tukunyar ƙasa, ta danne ta da ƙafafu, ta zuba garin busasshiyar doya tana juyawa da muciya da sauri, ba ruɗe ba talge. Ta yayyafa ruwan zafi, ta mayar wuta jim kaɗan, ta sake tuƙawa har ya yi sulɓi. Cikin 'yan mintoci an gama. Lalon kuma ba da maburgi ta burge shi ba, wata gajeriyar tsintsiya ce da aka ware domin wannan aiki kawai, da ita ta riƙa dandaƙa ganyen a cikin tukunya har ya yi yauƙi.

Anti, matar Yaya, tana zaune a gefe da jaririya. Hausa ta zauna a bakinta sosai. "Baffansu," in ji ta, "ka ga wannan? Ni da shi na tashi. Ranar da aka ce in tuƙa tuwon dawa a Kano, haka na zuba gari kamar amala, ya fito ɗanye da gudaji." Ta ce miyar kukar da ta fara yi, sai da ta soya tumatir da manja sannan ta zuba kukar gaba ɗaya. Babu wanda ya ce mata uffan. Matan gida suka ɗanɗana, aka yi shiru, da dare ta ji ana kiran almajirai. Ina gidan a lokacin, ban san an yi haka ba, domin mu maza a zaure muke ci. Wannan ma, ta ce, ya fi tuwon yi mata ciwo: a gidansu ta saba ganin mahaifinta da mahaifiyarta suna ci tare, sai ga shi tana amarya an kai wa mijinta nasa waje, ita tana ɗaki ita kaɗai da kwano.

Da suka dawo Ibadan ta nemi wata tsohuwa mai tuwon sayarwa a Sabo, unguwar Hausawa, ta riƙa zuwa tana taya ta aiki kyauta. A can ta koyi yin ruɗe da barinsa ya dahu kafin a tuƙa, ta koyi rage wuta a barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan ana burgawa, ta koyi cewa man shanu a ƙarshe ake zuba shi. Daren nan ta sa ƙanwarta ta tuƙa tuwon da kukar Hajiya, tana daga zaune tana ba ta umarni. Ban ga abin kushewa a cikinsa ba.

Da aka kwance buhun ta yi murna da komai, sai kanwa da ta ajiye gefe guda. A haihuwarta ta fari ta ƙi shan kunun kanwa saboda likita ya hana ta, jininta yana hawa. A gidanmu aka ɗauki abin a matsayin raini, aka daɗe ana maganarsa. Ni dai ina ganin gaskiya tana wurinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa, haɗe da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Geron bai yi asara ba. Mama ta jiƙa shi aka markaɗo da citta da kanumfari tana dama mata koko, yajin jegon kuma ana barbaɗa shi a farfesun kifi.

Ranar suna murhu biyu aka kafa a ƙofar gida. Matan Sabo suka zo da tandarsu suna suyar waina, ga miyar taushe. Dangin Anti, cikin ankonsu, suka ɗora manyan tukwanen dafa-duka da amala. Naman ragon aka raba tsakani. Na lura dattawan kowane ɓangare ba su bar abincinsu ba, amma samarin Sabo, waɗanda Yarabanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, suna wajen amala, 'yan matan Yarbawa kuma sun yi layi a gaban tanda. Babbar 'yar Yaya ta ɗebo amala ta je ta sa aka zuba mata taushe a kai, babu wanda ya ga abin mamaki sai ni.

Sabo ba baƙuwar unguwa ba ce. Tun 1916 aka keɓe ta ga Hausawa, fatake masu kawo shanu su koma da goro, kuma jirgin ƙasa da ya haɗa Ibadan da Kano ya ƙara wa wannan ciniki ƙarfi. Yau ma da yamma ƙamshin tsire da balangu ne ke tare ka, kuma masu sayen da yawansu Yarbawa ne. Yaya kuwa albasa yake saukewa a kasuwar Shasha, can hanyar Oyo. Ya kai ni na ga inda motocin da muka taho tare suke sauke kaya. A nan ne rikici ya ɓarke a watan Fabrairun 2021, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, daga baya dillalan abinci da dabbobi na Arewa suka tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Tumatir ya yi tsada a nan, ya yi kwantai a can. Yaya ya ce a gidan Mama ya ɓuya a kwanakin, shi da yaransa biyu na kasuwa, tana ciyar da su, tana hana su leƙa waje. Wannan labarin bai taɓa isa gidanmu ba.

A hanyar dawowa daga kasuwa na yi masa tambayar da ta tsaya mini a rai. Na ce, "Yaya, ita ta koyi namu. Kai me ka koya?" Ya ce yana cin amala, kusan kullum ma ita ce abincinsa na rana a kasuwa. Na ce to me ya sa da dare sai an ɗora tukunya biyu, tuwo dominsa, amala domin sauran gida, ga tsadar gas, ga mace da goyo? Ya ce idan bai ci tuwo da dare ba ji yake kamar bai ci komai ba. Na fahimce shi, ni ma haka nake. Amma abin ya dame ni, kuma na gaya masa. A Kano yabon da muke yi wa Anti shi ne ta zama Bahaushiya, wato ta bar nata ta kama namu. Ban taɓa jin wani a cikinmu ya tambayi abin da ita take marmari ba idan ta zo hutu, balle a nemo mata garin doya a Sabon Gari, alhali ana sayar da shi. Duk wahalar haɗa gidajen nan biyu a kanta ta ƙare, a gaban murhu, kuma ita ce ake sa wa ido. Yaya ya yi shiru har muka wuce Ojoo, sannan ya ce bai taɓa gaya wa Hajiya cewa yana son amala ba, don kada ranta ya sosu. Na ce ya gaya mata, ko ni in gaya mata. Ya ce in bari, da bakinsa zai faɗa idan sun zo da babbar salla.

Komawa ban bi ta Lakwaja ba. Wani abokin cinikinsa ya samo mini kujera a motar da ke bi ta Oyo da Ogbomosho da Ilori, ta ƙetare Kwara a Jebba, naira 35,000 har Kano. Mun tashi bayan azahar, direban ya ce in hanya ta yi kyau, gobe da hantsi muna Na'ibawa.