Ranar da Aka Ce Mu Kwashe Kayanmu



Kwana tara suka rage lokacin da labari ya iso mana. Kamfanin da muke ajiye rubuce-rubucen ƙungiyarmu a rumbunsa na intanet ya sanar da cewa zai rufe, kowa ya kwashe kayansa kafin ranar da ya tsayar. Maganar gaskiya ba su yi mana ba-zata ba, don sun aiko da saƙo tun watanni baya. Sakacin namu ne. Da imel ɗin tsohon sakatarenmu aka buɗe ma'ajiyar, shi kuwa ya tafi bautar ƙasa, ya canja waya, ya daina leƙa wancan akwatin. Da ba don ya koma neman wata tsohuwar takardar makaranta a ciki ba, da sai dai mu wayi gari mu tarar da ƙofa a garƙame.

Abin da ke cikin rumbun ba kaɗan ba ne: gajerun labaran gasar da muke yi duk shekara, muryoyin karatun da muke naɗa a zamanmu na wata-wata, hotunan taruka, da littattafai bakwai da mambobi suka ba mu amana kafin su samu kuɗin bugawa. Mu uku aka ɗora wa aikin ceto su, saboda a wajen dattawan ƙungiya duk wanda ya riƙe takardar difuloma daga kwalejin kimiyya da fasaha to ya gama sanin kwamfuta. Muka ari kwamfutar tafi-da-gidanka, muka sayi datar dare, muka yi kwana huɗu muna sauke fayiloli, idan wuta ta ɗauke mu jira, idan ta dawo mu ɗora daga inda muka tsaya. Da muka gama har muka yi wa juna barka.

Sai bayan an rufe rumbun da mako biyu muka gane akwai abin da bai fito ba. Wata 'yar'uwarmu, Allah Ya jiƙanta, ta rasu bara ta bar littafi mai babi goma sha ɗaya. Kullum muna ganin sunan littafin a cikin ma'ajiyarmu, muka ɗauka namu ne. Ashe a nata asusun yake zaune, mu ƙofar leƙawa kawai ta buɗe mana. Da muka danna a sauke komai gaba ɗaya, abin da asusunmu ya mallaka ne kaɗai ya sauko. Mun bi ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, muka tsinto babi shida a tsofaffin hirarrakin WhatsApp. Biyar ɗin ƙarshe sun tafi. Ranar da muka je shaida wa mahaifiyarta, cewa kawai ta yi, "'Ya'yana, ku riƙe wanda ya samu da kyau." Har yau maganar tana mana nauyi.

Da wannan nauyin muka zauna zaɓen sabon wuri. Tambayar farko da shugabanmu ya yi ita ce, "To wanne ne ba zai rufe ba?" Muka ce masa, ranka ya daɗe, babu wanda zai iya ɗaukar maka wannan alkawari. A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, masu halattattun fayiloli ma abin ya shafe su. Ubuntu One ya daina ajiyar fayiloli a 2014. Kamfani mai ƙarfi kamar Amazon ya rufe Amazon Drive a ƙarshen 2023. A nan gida kuma, duk da cewa OkadaBooks kasuwar littattafai ce ba rumbu ba, marubutan Hausa da yawa ba su manta da rufewarta a Nuwamban 2023 ba. Rumbun intanet ɗaki ne a gidan wani, kuma mai gida yana iya buƙatar ɗakinsa.

Saboda haka muka ajiye waccan tambaya, muka ɗauko wasu huɗu.

Ta farko: wurin zai ishe mu? Google Drive yana ba da gigabayit 15 kyauta, amma tare da Gmail da Google Photos ake rabon su. OneDrive yana ba da 5, Dropbox 2, Mega kuwa 20. Da farko ido ya tafi kan mai yawa, har sai da muka auna kayanmu. Cikakken littafi da aka buga a Word, in dai babu hotuna a ciki, da wuya ya kai megabayit biyu. Wato ko mafi ƙarancinsu zai ɗauki ɗaruruwan littattafai. Muryoyi da bidiyo da hotuna su ne masu cinye wuri, don haka muka raba musu ɗaki da rubutu.

Ta biyu: yaya ƙofar fita take? Wannan ba mu taɓa tunaninta ba sai da ta ci mu. Kafin mu amince da wuri, sai mun gwada kwashe komai daga cikinsa, mu ƙirga abin da ya fito, mu buɗe mu gani. Google yana da hanyar yin haka da ake kira Takeout. Mun kuma kafa doka: duk wanda ya turo littafi, kwafinsa za a ɗora a asusun ƙungiya, ba za mu sake dogara da ƙofar leƙe ba.

Ta uku: makulli yana hannun wa? Muka buɗe sabon imel da sunan ƙungiya, mutum uku suka san kalmar sirrinsa, an kuma rubuta ta a takarda an rufe a ambulan a wajen ma'aji. Lambar wayar da ake farfaɗo da asusun da ita layi ne mai aiki kullum, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana iya mayar da shi kasuwa. Sannan dole a riƙa leƙawa, tunda daga Disamban 2023 Google yana da damar goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Ta huɗu: idan hannu ya yi kuskure fa? Yawancinmu mun ɗauka abin da waya ke turawa rumbu da kanta ya tsira. Ba haka ba ne. Idan an haɗa su suna tafiya tare, abin da ka goge a nan zai iya gogewa a can. A Google Drive, fayil ɗin da aka jefa kwandon shara kwana 30 yake yi kafin ya ɓace gaba ɗaya. Wanda bai lura ba sai bayan wata biyu, ya makara.

A ƙarshe ba wuri ɗaya muka zaɓa ba. Mun bi tsohuwar ƙa'idar masu harkar adana bayanai: kwafi uku, a nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya kuma ya yi nesa da sauran. Aikin yau da kullum yana Google Drive, don kusan duk mai wayar Android a cikinmu yana da Gmail, ba sai an koya masa sabon abu ba. Kwafi na biyu yana wani rumbun na wani kamfani daban. Na uku yana cikin filash biyu, ɗaya a gidan ma'aji, ɗaya a gidan sakatare. A duk zaman farkon wata, kafin a fara karatu, sai an sabunta su an buɗe fayil ɗaya a gaban kowa. Minti goma ne, amma har yanzu akwai masu gunaguni.

Mun san da yawa daga cikinku ba ku da ƙungiya, a waya kuke rubutu babi bayan babi, kuna turawa masu karatu kai tsaye. Idan wayar nan ta faɗa ruwa yau da dare, ko aka fizge ta a tasha, babi nawa za su rage muku? Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin ku kwanta, ku tura wa kanku littafin ta imel, ku ɗora shi a rumbu, ku kuma shaida wa mutum ɗaya da kuka amince da shi inda yake da yadda za a buɗe.

Babi shidan nan na 'yar'uwarmu yanzu suna wuri uku. Muna shawara da danginta ko a buga su haka nan yadda suka tsaya. Ku sa ta a addu'a.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.