Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Akwai wani irin jirgin ruwa na shaƙatawa mai tafiya da iska wanda a yau ba a cika ƙera sabonsa ba, sai dai a neme shi a kasuwar kayan hannu ta Ingila ko Amurka. Abin da ya bambanta shi da na zamani yana ƙarƙashin ruwa. Wani dogon tushe ne da ya miƙe tun daga kusa da goshin jirgin har zuwa ƙarshensa, cike da dalma ko ƙarfe. Ni dai nakan kira shi ƙashin bayan jirgi.

Masu saye da yawa suna gudunsa, kuma suna da hujja. Ga nauyi, ga rashin sauri idan iska ta kwanta, sannan juya shi da baya a cikin tasha aiki ne ja. Amma a nawa ganin, ba a tasha ake auna jirgi ba. Idan teku ta yi fushi, wannan tushe ne ke riƙe shi bisa hanya ɗaya, yana kuma kare allon da ke juya akalarsa daga duk abin da zai ci karo da shi.

Tarihi ya nuna haka. Da irinsa, mai suna Suhaili, wanda aka ƙera da katako a Indiya, Robin Knox-Johnston ya kewaye duniya shi kaɗai ba tare da tsayawa ba, cikin kwana 312, daga 1968 zuwa 1969. Da aka farfaɗo da gasar Golden Globe a 2018, sai aka shar'anta amfani da irin waɗannan jirage na tsohon yayi. Kirsten Neuschäfer, 'yar Afirka ta Kudu, na hannu ta saya a Kanada, ta gyara shi, ta lashe gasar a 2023, bayan ma ta ceto wani abokin takara da jirginsa ya nutse.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gyaran. Arhar tsohon jirgi takan ruɗi mutum, domin inji, filafilai da wayoyin da ke riƙe da sandar jirgin suna iya cin kuɗi mai yawa. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya haƙura tun a bakin ruwa. Wanda kuwa ya iya, ya samu abin da zai kai shi nesa ya kuma dawo da shi gida.