Sallama Ba Ita Ce Waraka Ba

A wajenmu Sabiyal, cikin ƙaramar hukumar Aliero, da zarar likita ya sallami mutum sai a ɗauka magana ta ƙare. Ni kuwa da na yi jinyar kawuna bayan tiyatar ƙaba, na gane rabin jinya a gida ake yin ta.

Kafin mu baro asibiti sai da na tsare nas da tambaya: wane magani za a sha, sau nawa, har yaushe? Yaushe za a cire zare? Na rubuta komai a takarda. Ta ja kunnenmu cewa in aka ga zazzaɓi, ko ɗinkin ya yi ja yana mugunya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, a dawo da shi ko da tsakar dare ne.

Babban aikin shi ne hana shi gona. Lokacin cire albasa ne, alhali likita ya ce kada ya ɗaga kaya mai nauyi har mako 6.

"Ɗana, albasa ba ta jiran mai ciwo," in ji shi.

Na ce, "Kawu, in ɗinkin nan ya ɓalle, wa zai noma ta baɗi?"

Sai aka yi masa gayya, matasa suka cire albasar, suka kai masa kasuwa.

Mai karatu, ƙasarmu ta Aliero ta yi suna wajen ɗori, mun san ƙashi ba ya haɗewa da gaggawa. To, haka ɗinki yake. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.