Hazo, Hasashen Yanayi da Hanyar Maigatari

 

Ya 'yan uwana matasa, duk wanda ya tashi a Gagarawa Tasha kamar ni ya san cewa daga watan Nuwamba zuwa Maris, direban da zai yi sammako ba ramukan hanya kaɗai yake tunani ba. Akwai hazo. Wata safiyar, mutum na tsaye bakin titi ba zai hango tsohon layin dogon da ya ba garinmu suna ba, wanda ya taso daga Kano ya isa Nguru a 1930. Ranar Alhamis kuwa, da kasuwar Maigatari ke ci, hanyar Gumel cike take tun asuba da tireloli, da babura, da amalanken shanu marasa fitila, da garken da ake korawa a gefen kwalta.

Hukumar NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, takan yi gargaɗi idan ana sa ran hazo mai kauri, wato wanda zai hana ganin abin da ya wuce mita 1,000. Amma na sha ji a majalisa, har daga bakin 'yan makaranta, cewa sauraron wannan hasashe shiga gaibu ne. Niyyarsu na da kyau, ban musa ba, sai dai ina ganin sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne.

Mai karatu, mu fara da asalin ƙurar. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda wani ƙaton tafki ya ƙafe tun zamanin da, ya bar gari mai laushi kamar toka. Iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashe shi ta yo kudu maso yamma. Daga can zuwa ƙasar Gumel da Kano tafiyar kwana ɗaya ce ko biyu. Tauraron ɗan Adam yana ɗaukar hoton ƙurar tun tana tashi, ana auna gudun iskar, sai a lissafa lokacin isowarta. To, ina gaibu a nan? Wanda ya ga motar Nguru ta bar tasha, ya buga waya ya ce a saurare ta da la'asar, bai yi duba ba. Motar ma tana iya lalacewa a hanya, kamar yadda iska kan juya, hasashen ya kuskure.

Abin da Manzon Allah (SAW) ya hana yana cikin hadisin Zaidu bin Khalid Al-Juhani, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. An yi ruwa da dare a Hudaibiyya, bayan sallar asuba sai ya bambanta wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga faɗuwar wani tauraro. Laifin yana wajen mayar da halitta mai saukar da ruwa. Lura da alamun da Allah ya saba gudanar da al'amura a kansu kuwa, kakanninmu ma sun yi shi: tsoho yakan dubi jan da rana ta yi wajen faɗuwa ya ce gobe akwai buji, kuma ba wanda ya kira shi boka.

Ni abin da ya fi damuna shi ne rayuka. A ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin iska da hazo, mutum 176 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wannan ya shiga tarihi saboda jirgi ne. Babur ɗin da ya afka wa amalanke kafin gari ya waye, iyalan mamacin ne kawai ke tunawa da shi.

Shari'a kuma ba ta ɗauki sanyi da iska da wasa ba. Abdullahi bin Umar (RA) ya yi kiran salla a wani dare mai sanyi a Dajnan, sannan ya ce kowa ya yi salla a masaukinsa, ya kafa hujja da cewa Annabi (SAW) yakan umarci ladan da haka a daren sanyi ko ruwa a halin tafiya. Idan an yi rangwame a jam'i saboda yanayi, jinkirta tafiyar kasuwa da awa biyu ba zai zama raunin tawakkali ba.

Shi ya sa daren Laraba nakan duba sanarwar NiMet a waya. In an ce hazo mai kauri, sai in gaya wa abokan tafiyata mu bari rana ta ɗaga, ko da za mu tarar an fara ciniki a kara. Masu asma a cikinmu su ɗaure hanci, direba ya kunna fitila ko da hantsi ne, kuma kada ya yi gigin wuce tirela tsakanin Gagarawa da Gumel alhali ba ya ganin abin da ke gabanta.