Dogon hutu: Yadda ciwon idon Inna ya buɗe bakin jikanta

Dogon hutun bana ya ƙarato. Tuni makarantun kuɗi suka fara cusa wa yara takardu a jaka, ana sanar da iyaye kuɗin lesin na hutu. Duk lokacin da na ga irin takardun nan sai na tuna hutun shekara biyu da suka wuce, lokacin da na kusa biyan kuɗi a koya wa yarona abin da ba a sayar da shi a kowace makaranta.

Yaron shi ne na fari a wajenmu, a lokacin ya ɗan haura shekara uku. Ranar da aka ba da hutu, a ƙarshen watan Yuli, malamarsu ta ajin rainon yara ta ja ni gefe, ta ce yaron ba ya magana a aji. In yana son wani abu sai dai ya ja mata hijabi, in an tambaye shi sai ya zuba ido. Raina ya ɓaci. Na ce mata yaron nan yana ƙirga ɗaya zuwa ashirin da Turanci, ya san sunayen launuka, duk a waya ya koya. Sai ta ce, "Malam, ban ce ba shi da basira ba. Amma ka taɓa jin ya buɗe baki ya ce maka yana jin ƙishirwa?" Na rasa amsa. Na karɓi takardar lesin na sa a aljihu, da niyyar zan biya a mako mai zuwa.

Kwana uku na yi ina lura da shi a gida. Abin da na gani ya kashe mini jiki. Da yatsa yake rayuwa. Ya nuna kofi a ba shi ruwa, ya nuna ƙofa a buɗe masa, ya nuna waya a kunna masa katun. Ni da mahaifiyarsa mun ƙware wajen karanta yatsan nan har ba ma bari ya kai ga buɗe baki. Turancin da nake taƙama da shi kuwa hadda ce, irin ta aku. Bai taɓa amfani da shi ya nemi wani abu ko ya ba da labari ba.

A nan dole in faɗi laifina. Na tashi a gidan gado, inda mahaifinmu bai taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, balle ya zaunar da shi su yi hira. Wannan kunyar ɗan fari ba ta cutar da yayanmu ba, domin gidan cike yake da mutane. Akwai kaka, akwai goggo, akwai matan baffanni, akwai yara sa'anni fiye da goma. In uwa da uba sun kame baki, bakuna ashirin na nan suna yi wa yaro wasa, suna tsokanarsa, suna aikensa. Mu kuwa da muka koma gidan haya mai ɗaki biyu da get a wata sabuwar unguwa a Kano, sai muka kwaso kunyar muka baro mutanen. Ni ina wurin aiki, ita ma tana wurin aiki, in mun dawo mun gaji. Gurbin kaka da goggo da sa'anni duk waya ce ta cike shi.

A makon ne aka kawo mahaifiyata, wadda muke kira Inna, saboda yanar ido da ta rufe mata ido biyu. Likita ya ce ba za a yi mata aiki ba sai hawan jininta ya daidaita, aka ba ta wata guda da 'yan kwanaki. Hidimar asibiti ta cinye kuɗin lesin, ita kuma ta zauna tare da mu tana ganin duniya dishi-dishi.

Washegarin zuwanta yaron ya ja mata zane, yana nuna randa. Ta ce, "Maigida, ni fa ba na gani. Yatsan nan naka kuma ba shi da murya. Me kake so?" Ya sake nunawa, ya fara ƙunƙuni. Mahaifiyarsa ta miƙe za ta ɗebo masa, Inna ta ce, "Zauna, 'yar nan, tsakanina da mijina ne." Ta yi shiru tana jira, fuskarta a sake. Can sai muka ji ya ce, "Uwa." Ta tafa hannu ta ce, "Au, ruwa! Ruwa maigida yake so. Ruwan randa mai sanyi. To a ba angona ruwa." Ba ta ce masa ya yi kuskure ba, ba ta tilasta shi ya maimaita ba. Ta mayar masa da kalmar daidai, ta ƙara mata 'yan uwa biyu ko uku. A ranakun da ya ƙi furta komai ma ba ta hana shi abin da yake so ba, takan ɗan jira ne kawai, sannan ta faɗi kalmar da kanta.

Daga nan ta mai da shi idonta. Lokacin marka ne, don haka kullum akwai abin tambaya. "Leƙa mini waje, hadari ne ya haɗo?" "Yayyafi ake yi ko ruwa ne sosai?" "Mene ne wancan mai kuka a bayan ɗaki?" A haka ya koyi kwaɗo da tsawa da walƙiya da taɓo da bakan gizo, kowace kalma tare da abin da take nufi a gaban idonsa. In ana gyaran zogale ko tsince wake, yana gefenta, ita ke tambaya shi ke dubawa: wannan wake ne ko tsakuwa, babba ne ko ƙarami, saura da yawa ko kaɗan. Ta sa aka huda gwangwanin madara aka zuba ƙasa, suka shuka wake uku, ta ɗora masa aikin kawo mata labarinsu kowace safiya. Kwanakin farko amsarsa kalma ɗaya ce, "Babu." Ranar da ya rugo yana cewa "Inna, wake fito!" ita ce ranar farko da na ji ya haɗa magana don ya ba wani labari.

Da dare, musamman in an ɗauke wuta, sai tatsuniya. Takan ɗauko labarin Gizo da Ƙoƙi, guda ɗaya ta yi ta maimaita shi dare bayan dare, har ni na gaji da ji. Ashe da gangan take yi. In ta zo tsakiya sai ta yi kamar ta manta: "Af, tsufa! Sai Gizo ya tafi ina ma?" Shi kuma ya ƙarasa mata. In ya gyara mata kuskure ta yi ta godiya, shi kuma ya yi ta fankama.

Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma da na koma ina karanta abin da masana suka gano, sai na tarar da hanyarta a rubuce. A shekarar 2003, Farfesa Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washinton a Amurka sun wallafa wani gwaji da suka yi da jarirai 'yan wata tara, waɗanda Turanci ake yi a gidajensu. Wasu an zaunar da su sau 12 tare da mutanen da ke yi musu wasa da Sinanci, wasu kuma aka nuna musu irin wannan zaman a allon talabijin. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi bambance sautukan Sinanci, na gaban allo kuwa ba su fi waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. A 2018 kuma wani bincike da Rachel Romeo ta jagoranta kan yara 'yan shekara huɗu zuwa shida ya nuna cewa yawan musayar magana tsakanin yaro da babba, wato ka faɗa ya amsa ka mayar, ya fi alaƙa da ƙwarewar yaro a harshe da aikin sashen magana na ƙwaƙwalwarsa a kan yawan kalmomin da ke wucewa ta kunnensa kawai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yarona yakan yi awa huɗu ko biyar. Waya tana magana, amma ba ta jira a amsa mata, ba ta kuma san ko an amsa ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa hira maganin kowane jinkirin magana ce. Kafin hutun ya yi nisa na kai yaron sashen kunne, hanci da maƙogwaro aka auna jinsa, aka ce lafiya lau. Wannan awon wajibi ne, domin yaron da ba ya ji sosai ba zai yi magana sosai ba, kuma a ƙasarmu ciwon kunne mai ruwa da ƙyanda da sanƙarau duk suna iya taɓa ji. Asibitocin koyarwa suna da wannan sashe, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Galibin yara sukan furta kalmar farko wajen shekara ɗaya, su fara haɗa kalma biyu wajen shekara biyu, a shekara uku kuma ko baƙo yakan gane mafi yawan abin da suke faɗa. Yaron da ya yi nisa da wannan ma'auni, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ya daina faɗin kalmomin da ya riga ya iya, likita ya kamata ya gan shi. Maganar nan da muka saba da ita, wai "ƙyale shi, ubansa ma bai yi baki da wuri ba," ta sa yara da yawa sun rasa taimako a lokacin da ya fi amfani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ban kuma ce lesin ba shi da amfani ba. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa, ko wanda lissafi ya kayar, yana iya amfana. Amma ɗan shekara uku ko biyar da aka mayar aji a watan Agusta, ya zauna kan benci cikin yara talatin suna bin malama da hadda, sau nawa za a tambaye shi wani abu a jira amsarsa? Abin da dogon hutu ke bayarwa wanda zangon karatu ba ya bayarwa shi ne lokaci, kuma lokaci ne abincin harshe.

Duk abin da ake yi a gida da damina darasi ne in an haɗa shi da magana. Zuwa kasuwa darasi ne, in an bar yaro ya faɗa wa mai kayan miya abin da ake so, ya ƙirga tattasai, ya ce wanne ya nuna. Wanki da girki da zuwa gona da ziyarar dangi duk haka. A rage tambayar da amsarta "e" ko "a'a," a yawaita "me ya faru," da "daga nan fa," da "don me." Yaran da suka tasa, 'yan firamare, su ma suna da rabonsu: kacici-kacici, da karin magana, da salon maganar nan mai karya harshe, da karanta littafi a bayyane ga ƙannensu. A sa su je wurin wani tsoho a dangi su tambayo yadda aka yi aurensa ko yadda garinsu yake a da, su dawo su ba da labari, sannan su rubuta. Wannan insha'i ne da tarihi da ladabi a aike ɗaya, ba a biya ko kwabo ba.

A yi wa yaro magana da harshen da aka fi iyawa. Na san gidajen da aka hana Hausa don yaro ya iya Turanci, sai aka wayi gari hirar gidan ta koma gajerun umarni, domin iyakar Turancin iyayen ke nan. Jin harshe biyu ba ya jinkirta maganar yaro. Abin da ke cutar da shi shi ne ƙarancin magana a kowane harshe. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin nan na Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare tare da Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Sauran magana tamu ce, mu iyaye maza. Mun bar wa mata wannan aiki, mun fake da kunya da gajiya. In yaro ya matso da tambaya mu ce ya cika surutu, in ya girma ya kasa tsayawa gaban mutane ya yi bayani mu ce makaranta ta lalace. Har yau ba na kiran sunan yarona a gaban Inna, kuma ban ga dalilin daina hakan ba. Amma yanzu kullum bayan magariba nakan ajiye waya, mu zauna kan tabarma ya ba ni labarin yininsa, ko da rabin labarin ƙirƙira ce.

A farkon Satumba aka yi wa Inna aikin ido ɗaya. Yaron bai zama sarkin zance ba, har aka koma makaranta yana bayan sa'anninsa, sai a hankali ya cim musu. Amma ranar da aka cire mata bandeji ta dawo gida, shi ya fara tarar ta a bakin ƙofa, rungume da gwangwaninsa da waken da ya yi yaɗo har yana jan ƙasa. Bai nuna da yatsa ba. Cewa ya yi, "Inna, kin ga wakena? Ya yi tsawo." Ta dube shi da kyau, ta ce, "Na gani, maigida. Ba ni labarinsa."

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin sauraronsu.