Tsakanin Injin Fotokofi da Hanyar Yamai

Wannan ɗan littafi da ke hannunku, ni na buga shi, ni na yi masa fotokofi, ni na haɗa shafukansa. In kun ga baƙin layi a gefen takarda, ba laifin marubuta ba ne, injinmu ne ya tsufa. Na fara da wannan maganar ne don mai yiwuwa shi ne na ƙarshe da zai fita daga hannuna.

Shekara uku ke nan ina aiki a wani ɗan shagon buga takardu kusa da jami'a, nan Maraɗi. Na shiga ne lokacin da bursu ya yi jinkiri, aljihu ya bushe ƙaf. Maigidan ya gwada ni da shafi biyu, ya ce in dawo gobe. Babu takarda, babu sa hannu. Jika 35 a wata, da kuɗin abincin rana.

Wallahi ina son aikin nan. Mutane suna ganin dala biyar-biyar kawai muke tarawa, amma ni makaranta ta biyu na samu. Lokacin rubuta memuwar, ɗalibai kan cika shagon har ƙofa. Wannan ya kawo bincike a kan tsutsar gero, waccan a kan tamowar yara, wani a kan itacen gawo da yadda yake gyara gona. Duk abin da na buga sai na karanta shi. Ni da na karanci lissafin kuɗi, a shagon nan na san dalilin da ya sa gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Ga kuma ranar da ɗalibi ya dawo daga gaban malamai yana dariya, ya ce, "Abokina, an karɓa!" Sai in ji kamar da ni aka ci.

Ana nan sai wani abokin yayana ya kira ni daga Yamai. Kamfanin da yake aiki, masu sayar da iri da takin zamani, suna neman wanda zai riƙe musu lissafi a kwamfuta. Jika 90 a wata, kwantaragi a rubuce, da rajista a asusun ma'aikata na CNSS. Ya ba ni mako biyu in yi shawara.

Abin mamaki, ban yi murna ba. Cikina ne ya ɗauri ruwa.

A fadarmu, wajen shayi, kowa da tasa. Ɗaya ya ce, "Kai, har wani tunani kake? Zomo ba ya kamuwa daga zaune." Wani ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in bari in ga ko kamfanin zai kai baɗi. Na lura karin magana ba ya raba gardama, kowane ɓangare da nasa. Sai na ɗauki biro na yi abin da aka koya mini. A Maraɗi gidanmu nake kwana, tuwon Inna nake ci, da ƙafa nake zuwa aiki. A Yamai sai na kama ɗaki, in biya ruwa da wuta, in sayi abinci sau uku, in hau taksi. Da na cire duka, abin da ya rage bai fi na yanzu da wani abin kirki ba. Ga nisa: sama da kilomita 600, ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, wuni guda cur a mota. Na ji daɗin wannan lissafi ƙwarai, don ya ba ni hujjar zama.

Inna ce ta rushe shi. Tana tankaɗen gari, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "To, ɗan nan, in ka kwanta ciwo wata guda, wa zai biya ka? In injin ya mutu fa?" Na yi shiru. Lissafina na wata guda ne, nata na shekara goma. Na san mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke tun farkon 2024 jika 42 ne, nawa bai kai ba. Na san kuma a shagon nan babu wani mataki a sama da inda nake. In na yi shekara ashirin, kujerar nan ce dai.

Saura maganar amana, ita ta fi ci mini rai. A watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke mana wuta, shagon ya koma kan janareto, kuɗin mai ya cinye riba. Maigidana bai rage mini ko dala ba. Yaya zan dubi idon mutumin nan in ce zan tafi?

Kwana tara ina ɗauke da maganar. Ranar ta goma, bayan la'asar, na ce, "Baba, akwai maganar da nake jin nauyin faɗa." Ya saurara har na gama. Sai ya tambaye ni abu guda: "An ba ka a rubuce?" Na ce tukuna. Ya ce, "Kada ka motsa sai ka ga takarda. In ta zo, ka tafi. Ni ban riƙe ka don ka tsufa a nan ba. Amma ka bar mini wanda ya iya."

A daren nan na gane abin da nake ɓoye wa kaina. Abu uku na cuɗa wuri guda na kira su son aiki. Akwai aikin kansa, wato karatu da gyara rubutu, wannan kuwa zan iya tafiya da shi ko'ina. Akwai mutane, su ma tafiya ba ta kashe zumunci sai in mutum ya so. Na ukun tsoro ne. A nan kowa ya san na iya. A can ni ne baƙo, wanda zai yi kuskure a gaban mutane, a garin da ko Zabarmanci ban iya ba. Tsoron nan ne na sa wa rigar amana, don ya yi kyan gani.

Ban ce duk mai son aikinsa ya bar shi ba. Da na tarar aikin kansa ne ya riƙe ni, kuma yana da inda zai kai ni, da na zauna ban ji kunyar kowa ba. Abin da nake cewa, ƴan'uwa, kafin ku ce "ina son wurin nan", ku zazzage maganar ku ga me da me ke ciki.

Takardar ta zo ranar Litinin, na sa hannu. Yanzu ina koya wa wata ƙanwarmu ƴar shekarar farko aikin. Hannunta ya fi nawa sauri, sai dai har yanzu ba ta san inda ake bugun injin in ya cije takarda ba. Ina da sauran kwana goma sha biyu in nuna mata. Ban sani ba ko zan so sabon aikin. In littafi na gaba ya fito, ku aiko mini da guda ta tasha.