Garwa: 'Yar Kwamfuta A Bakin Binuwai

A watan Afrilu muka shiga Garwa, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake yi. Daga Ngaundare muka taso bayan mun sauka daga jirgin ƙasa, muka gangaro dutse, muka haye gadar Binuwai, ruwa ya ja baya sai rairayi. Muka sauka a unguwar Hausare, gidan wani ɗan uwa malamin firamare.

Bayan sallar isha'i ya fito mana da wata 'yar kwamfuta, kore da fari, mai kunnuwa biyu kamar zomo. XO sunanta. Ƙungiyar OLPC, wadda Nicholas Negroponte ya kafa a Amurka a 2005, ita ta ƙera ta don yaran ƙasashe masu tasowa. An gwada ta a makarantar Galadima kusa da Abuja a 2007. Nan Kamaru kuwa ta shigo ta hanyar shirin PAQUEB, da kuɗin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, aka sayo guda 5,000 don wasu makarantun firamare, har da na arewa.

Ba kyanta ne ya ja hankalinmu ba. Manhajar cikinta, Sugar, wadda aka ɗora kan Linux, a buɗe take. Kowa yana da izinin ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kwafa wa maƙwabci, ba a biyan ko dala. Wato malami a Garwa yana iya mayar da kalmominta Hausa ko Fillanci, da ƙugiyoyinsu, bai nemi yardar kowane kamfani ba. To mu da 'ya'yanmu ke karatu da Faransanci, su yi ciniki da Fillanci, Hausa sai tsakar gida, ai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai alkawari wuyar riƙo gare shi. A 2008 OLPC ta yarda a sa Windows XP na Microsoft a XO, Walter Bender ya fice ya kafa Sugar Labs. A 2016 kuma Shugaba Paul Biya ya yi shelar raba wa ɗaliban jami'a kwamfuta 500,000, da bashin ƙasar Sin na sefa biliyan 75. Da aka fara rabo a ƙarshen 2017, Windows ce a ciki. Ba mu raina ba, ɗaliban Marwa da Ngaundare sun samu. Windows ta wancan lokaci ma tana jin Hausa, amma Hausar kamfani ce. In ka ga kuskure sai ka jira mai ita.

Mai masaukinmu ya ɗauko wani littafi da yake tara kalmomin Sugar yana fassarawa, shafi goma sha. Muka tsaya a kan guda: "ajiye" za a ce ko "adana"? Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ai abin da aka adana ba a ba yaro." Har shayi ya huce ba mu daidaita ba.